Adana Kayan Kiwon Zuma: Jawabin Kwamitin Noma da Kiwo a Babban Taron Shekara



Kamar yadda kuka sani, da gudummawarku ce aka sayo wa matasanmu amyoyin katako na zamani, irin waɗanda ake kira amyar Kenya, tare da rigunan kariya da gwangwanayen hayaƙi. Zuma ta samu, mun gode Allah, mun kuma gode muku. Sai dai amana ta wajabta mana mu sanar da ku wata asara da muka tafka. Bayan an kammala ɗibar zuma da bazara, mun jibge amyoyin da babu ƙudan zuma a cikinsu a wani ɗaki, a ƙasa, da ragowar saƙa a jikin sandunansu, muka ja ƙofa. Da kaka ta yi muka buɗe, sai muka tarar gara ta cinye na ƙasa, ɓeraye sun yi sheƙa a cikin riguna, saƙa kuwa ta koma yana da kashin tsutsa. Laifin namu ne, ba na kowa ba.

Abin da muka koya shi ne, amyar da ke da ƙudan zuma masu ƙarfi tana da masu gadinta. Wadda aka ajiye kuwa ba ta da mai gadi sai mu. Babban abokin gabarta shi ne wani irin asu da ke shiga da dare ya zuba ɗaruruwan ƙwai a cikin tsagar katako. Tsutsotsinsa sun fi son tsohuwar saƙa baƙa wadda aka yi renon 'ya'ya a cikinta, kuma duhu da ɗumi da rashin iska su ne abin da suke nema. Cikin 'yan makonni sukan gama da saƙa, har su kwarzane katakon. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin masana sun ƙiyasta cewa sai ƙudan zuma ya sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin ya samar da kaki kilo 1.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da waɗannan ƙa'idoji. Na farko, ba za a sake ajiye saƙa haka nan ba. A kankare ta daga sanduna, a narka ta cikin ruwan zafi, a tace, a bar kakin ya daskare. Curin kaki mai tsabta bai cika damun asu ba, ga shi kuma da kasuwa. Wanda yake son ya ajiye saƙa mai kyau, ya sa ta a firiza kwana 2 domin ƙwai da tsutsa su mutu, sannan ya ƙulle ta a leda. Na biyu, a ɗan babbaka cikin amya da harshen wuta, musamman kusurwoyi, a shanya ta bushe sarai. Na uku, kada katako ya taɓa ƙasa ko bango. A ɗora kayan a kan benci mai ƙafafun ƙarfe, kowace ƙafa a cikin gwangwani mai baƙin mai, domin tare gara da tururuwa. Na huɗu, a jera su da tazara a inda haske da iska ke ratsawa, a sa wa tagogi da ƙofofin amya raga. Riguna kuwa a wanke, a adana su a akwatin ƙarfe.

Muna gargaɗi da babbar murya: kada a kusanto da fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko ƙwayar kafur ta cikin tufafi. Kaki da katako suna shanye guba. Ko dai ƙudan zuma ya ƙi shiga amyar, ko ya shiga ya mutu, ko kuma gubar ta biyo zumar da za a aiko wa 'ya'yanku a birni.

A ƙarshe, ga roƙonmu. Mun lura cewa sayen sabon kaya ya fi samun masu ba da gudummawa, domin shi ake gani ranar rabo. Ba a cika tunawa da wurin ajiya ba. A bana ba mu neman ko amya ɗaya. Muna neman rumfa mai rufin kwano da daɓen siminti da bangon raga, da ɗan alawus ga matashi guda wanda zai riƙa duba kayan duk bayan mako 2, yana rubutawa a littafi. Duk wanda ya zo gida da salla yana da damar ya nemi littafin, ya ƙirga da idonsa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.