Ƙarar birki magana ce, kada ka biya kuɗi a toshe mata baki

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar birki za mu yi, kuma da tona wa kaina asiri zan fara.

Ina da wata tsohuwar Corolla. A Tarauni nake zaune, kusan kullum ta Gyadi-Gyadi nake bi in hau titin Zariya. To a hunturun bara sai motar nan ta fara wata siririyar ƙara, ƙiiii, duk sanda na taɓa birki. Wallahi ba tsoro ta ba ni ba, kunya ta ba ni. Ka tsaya a danja kowa ya waiwayo yana kallonka. Na shiga wani gareji na ce wa yaron da na tarar, “Abokina, ni dai ƙarar nan nake so ta ɗauke.” Ya kwance taya, ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe, ya hure ƙura, ya mayar. Shiru kake ji. Har ihsani na ƙara masa.

Bayan kamar sati biyar na ɗauko Umma zan kai ta ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daf da ƙofar shiga, mai adaidaita sahu da ke gabana ya tsaya cak zai sauke fasinja. Na danna birki. Sai na ji gurrrr, kamar ana niƙa dutse, motar ta fizge hagu, kuma ba ta tsaya inda na saba ba. Abin da ya rage tsakanina da mata da yaran da ke cikin adaidaitar bai fi kamu ɗaya ba. Umma sai salati take. Ni kuwa ƙafata rawa kawai take yi.

Ranar aka haɗa ni da wani dattijon bakanike a Tarauni. Abin da ya burge ni, bai fara da ɗaukar sifana ba, tambayoyi ya fara yi mini. Na ce, “Baba, ai birki fad ne ya ƙare, a canza kawai.” Ya ce, “Ɗana, in ka san ciwon, me ya kawo ka wurin likita?” Tambayoyin nan nasa guda huɗu su nake so ku riƙe, don da su kai ma za ka gane inda matsalar take kafin ka je gareji.

Ta farko: yaushe ƙarar take zuwa? In da sassafe ne kawai, musamman da damina ko bayan an wanke mota, kuma ta ɗauke bayan ka taka birki sau uku ko huɗu, yawanci ɗan tsatsa ne ya kwanta a fuskar diski, fad ɗin ya goge shi. Wannan ba abin damuwa ba ne. In kuwa ƙarar tana nan ko ba ka taka birki ba, to wataƙila tsakuwa ce ta maƙale tsakanin diski da farantin da ke bayansa. In kuma gunji ne da ke ƙaruwa da gudun mota, yana canzawa in ka sha kwana, ka zargi boris ɗin taya, ka ƙyale birki.

Ta biyu: wace irin ƙara ce? Siririya mai kama da fito, wadda ta zama kullum, sau da yawa gargaɗi ce. Yawancin fad na zuwa da ɗan ƙarfe a gefe, wanda da gangan aka sa shi. In fad ya cinye, sai ƙarfen ya fara taɓa diski yana kuka, don ka sani lokaci ya yi. Sabon fad kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko wajen milimita 3, a canza. Kun gane ko? Wannan ɗan ƙarfen shi na biya aka lanƙwasa. Mai gadi ya yi ihu, ni kuma na sa aka toshe masa baki. Ita kuwa gurrr mai kauri, ƙarfe ne ke cin ƙarfe: fad ya ƙare ƙarƙaf, bayansa ne ke gurzar diski. Wannan ba a cewa sai an yi albashi. Sai kuma ƙwas-ƙwas idan ka taka ko ka saki, wanda kan nuna kusa ta kwance ko fad yana wasa a mazauninsa.

Ta uku: daga wace taya? Ka samu layi mara cunkoso, ka kashe rediyo, ka sauke gilasai, ka tafi a hankali kusa da katanga, don katanga na dawo da sauti. Baba da ya zagaya da motata ya dawo, sai ya kai bayan hannunsa kusa da kowace taya, bai taɓa ba, don diski na ƙona hannu. Ta gaba ta dama ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, har da ƙauri. Da ya buɗe, fad na ciki ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa da sauran kaurinsa. Ashe kalifa ce ta cije. Robar da ke rufe sandar da take zamewa a kai ta yage, ƙurar Kano da ruwa suka shiga, ta daina sakin fad ɗin. Kun ga da na dage an canza fad kawai, da bayan 'yan watanni an koma gidan jiya.

Ta huɗu: me kake ji a ƙafa da hannu? In sitiyari na karkarwa sanda ka taka birki kana gudu, fuskar diski ba ta daidaita ba. In mota na jan gefe ɗaya, birkin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kamawa. In birkin ya yi laushi yana nitsewa ƙasa, iska ta shiga ko mai na yoyo. Ka ajiye motar, ka kira bakanike ya same ka a nan. Amma in ka taka da ƙarfi a kan yashi ka ji yana bugun tafin ƙafarka da sauri, a motar da ke da ABS aikinsa yake yi, kada ka ɗaga ƙafa.

Ga wasu abubuwa uku da Baba ya ja mini kunne a kai. Kada ka yarda a shafa giris ko baƙin mai a fuskar fad don ƙara ta ɗauke. Za ta ɗauke, birkin ma ya ɗauke. In za a canza fad, a canza na dama da na hagu tare. Man birki kuma ka duba murfin tankinsa, a jiki aka rubuta irin wanda motarka ke sha, DOT 3 ko DOT 4. In ka ga ya ragu, kada ka cika kawai ka tafi, don raguwarsa na nufin ko fad ya cinye ko akwai yoyo.

Daga ƙarshe sai da muka je Ƙofar Ruwa muka sayo diski biyu, da fad, da kayan gyaran kalifa. Abin da na kashe ya ninka kuɗin da zan kashe tun farko kusan sau uku. Amma ba kuɗin ne ke damuna ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Ka tuna yadda 'yan makaranta ke tsallaka Court Road da rana, ka lissafa da kanka.

Kuma gaskiya ban ɗora wa yaron garejin laifin duka ba. Abin da na nema shi ya ba ni. Da na ce masa “duba mini dalilin ƙarar nan”, wataƙila da labarin ya canza. Saboda haka in ka je gareji, ka faɗi amsar tambayoyin nan huɗu, ka tsaya a kwance tayar a gabanka, ka ce a nuna maka fad na ciki da na waje. 'Yan uwa mata masu tuƙi, ku ma haƙƙinku ne, kada kunya ta hana ku tambaya.

Wanda motarsa ke wata ƙara yanzu haka, ya rubuta mana yadda take da lokacin da take zuwa, za mu taɓo wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.