Jawabin Magatakardan Liman a Ranar Aza Harsashin Masallaci

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Malam Liman, Allah ya ja kwanansa, ya umurce ni in miƙa godiya ga attajiranmu, in haɗa da tunatarwa.

Ya ku Alhazai, mun ga siminti da kwanon rufi da kuka kawo, Allah ya saka da alheri. Sai dai alherin ɗan kasuwa tun daga bakin rumfarsa yake farawa, tun ranar gudummawa ba ta zo ba. Yayin da ruwan sha ya yi wa Musulmin Madina wuya, Sayyidina Usmanu ɗan Affan, wanda falke ne, ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarsa, ya mai da ita wakafi. A Kano kuwa, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro da gyaɗa, ya kuma ɗora mutane da yawa bisa hanyar neman abinci ta wajen ba su jari.

Saboda haka Malam yana roƙonku abu huɗu. Ku cika mudu. Kada ku ɓoye hatsi kuna jiran tsada. Ku biya lebura hakkinsa ranar da ya yi aiki. Yaron da ya daɗe yana yi muku hidima, ku sallame shi da jari, ya tsaya da ƙafarsa. Ta haka kowane tubali na wannan ɗaki zai zama halal, wanda ya bi liman salla a ciki kuma ba zai tsaya kusa da wanda ya cuce shi ba.

Allah ya nuna mana ranar buɗewa, ya sa albarka a kasuwarku, amin. Wassalam.