Ƙaramar Mota Da Hanyar Gida



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da dama. Mun ga sakamakon a garinmu: wanda kan zo duba mahaifiya duk wata ya koma sai salla-salla.

Mu da muka ga zamanin Peugeot 504, wadda a da ake harhaɗawa a Kaduna, mun san darajar babbar mota. Amma lissafi ba ya jin kunyar kowa. Ƙaramar mota irin Starlet ko Picanto takan sha kamar lita 7 a kilomita 100, jif kuwa kusan ninki biyu. Tafiyar kilomita 400 ke nan, lita 28 a nan, sama da 50 a can. Har yanzu wasu na ganin ƙasƙanci ne darakta ya shigo gari da ita. Tsohuwar da ke jiransa a ƙofar gida ba motar take kallo ba.

In za a inganta ta, a fara da taya mai kyau da birki, kafin a kai ga rediyo. A riƙa duba iskar taya, domin taya mai laushi na ƙara shan mai. Mai son mayar da ita ta iskar gas ya nemi cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Sai batun lodi. Buhun masara huɗu da fasinja biyar a hanyarmu ta damina, wannan aikin a-kori-kura ne. A aiko da hatsin ta tasha.