Jawabin Kwamitin Sayen Allon Majigi a Taron Ƙungiya

  

Kamar dai yadda kowa ya sani, majigi mun riga mun saya da kuɗin karo-karonku. Saura allon da za a riƙa haska hoto a kansa, don lacca da karatun yara da kallon tafsiri in azumi ya zo. Wasu sun ce mana, ina ruwanmu da wani allo, a rataya farin zanen gado mana! To mun gwada. Haske ratsa zanen yake yi ya tafi bango, ga tamoji, iskar fanka kuma na ta kaɗa shi, har fuskar malam ta koma kamar ana kallonta cikin ruwa.

Abin da muka gano shi ne, girman zaure ke zaɓar allo. Masu sana'ar sun ce nisan mutumin da ke sahun ƙarshe kada ya wuce tsayin allon sau 6, in dai ana so ya karanta rubutu. A nan 'yan'uwa a lura: incin da ɗan kasuwa zai faɗa maku daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Allo mai inci 100, irin mai faɗin nan da ake kira 16:9, tsayinsa kamar ƙafa 4 ne kacal, watau zai ishi wanda ke nisan ƙafa 24. Mai inci 120 kuwa ya kusa ƙafa 5, ya kai ƙafa 30 ke nan. Iyayenmu mata su ne a baya, kuma da kuɗinsu a ciki. In muka sayi ƙarami, su muka cuta.

Amma fa kada a ce a ɗauko mafi girma a huta. Hasken majigi ɗaya ne. In faɗin hoto ya ninka biyu, haskensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da rana sai a ga dishi-dishi, dole sai an sa labule a tagogi.

Akwai allo mai sheƙi, yana da ɗaukar ido a shago. Wanda ke tsakiya zai more, na gefe kuwa duhu-duhu zai gani. Mu da muke cika zaure har bakin ƙofa, fari marar sheƙi ya fi mana. Mai aiki da lantarki kuma mun bar shi, don in an ɗauke wuta nan zai tsaya a rataye. Wanda ake ja da hannu ya naɗe cikin gidansa shi muka zaɓa, a kafa shi yadda ƙasansa zai ɗara ƙafa 4 daga daɓe saboda kawunan mutane.

Sai batun danshi. Nan kudu ba kamar gida ba ne, damina doguwa ce. Allon da aka naɗe da laima fumfuna zai yi, tabon kuma da wuya ya fita. Saboda haka muna roƙon a ba mutum ɗaya amanarsa.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu auna zauren, kafin wakilanmu su tafi kasuwar Alaba a Legas su jiyo farashi. Duk mai tef na awo, don Allah ya taho da shi.