Gorar roba da abin shan gida: jawabi ga iyaye mata da masu sana'ar zoɓo da kunu a Gaya



Maganarmu ta yau a kan gorar roba ce, irin wadda aka shanye ruwa ko lemun kwalba aka yar, yaro ya tsinto ya sayar, aka ɗura mata zoɓo ko kunun zaƙi ko lemun citta. Ba mu zo don mu raba kowa da sana'arsa ba. A gari irin Gaya, inda hanyar Doso ta haɗu da ta Malanbil da ta Kamba, matafiya da direbobi da ƴan dako ba sa yankewa, kuma gidaje da yawa da ribar zoɓo suke ɗora tukunya. Abin da ya kawo mu shi ne zawo. Yaron da ya yi zawo na kwana uku yana iya zubar da ƙibar da aka daɗe ana tara masa, kuma zawo mai yawan dawowa yana cikin manyan hanyoyin da ke kai yara ga tamowa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin gorar bayan an rufe ta. Duk abin sha mai sukari da aka haɗa a gida yana ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Cikinsu akwai yis, ɗan'uwan wanda ake sa wa fanke ya kumbura. Yis yana cin sukari, ya fitar da abu biyu: iska da sinadarin barasa. Wasu halittun kuma tsami suke fitarwa. Wannan aiki ne yake mayar da dawa burkutu, ya mayar da ruwan itacen kwakwa bammi, kuma ba ya tambayar mai gora ko niyyarta ke nan. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40, kunun zaƙin da aka dama da safe yakan juya kafin washegari, kunun aya kuwa ko yinin ba ya kaiwa in babu sanyi. Zoɓo ya fi su jimiri saboda tsaminsa na asali, amma shi ma da an zuba masa sukari da abarba kwanansa ya ragu.

Gorar da kanta takan ba da labari. Idan kika matsa ta kika ji ta yi tauri kamar ganga, ko gindinta ya turo, ko ta yi tsaki da kumfa da aka buɗe, to abin da ke ciki ya riga ya juya. Gora mai laushi, irin ta ruwan sha, ba a ƙera ta don riƙe iska ba, tana iya fashewa ko marfinta ya yi tsalle ya sami idon yaro. Wata dabara da ake yi, a ƙara sukari da citta a kan kunun jiya a sake sa shi a ƙanƙara, tana ɓoye ɗanɗano ne kawai. Sanyi yana rage saurin ƙwayoyin cuta, ba ya kashe su. Ga kuma ɗaukewar wuta: firjin da ya kwana babu lantarki akwati ne kawai.

Waɗanda ke dafa burkutu ko cukutu, a nan ko a ƙetaren kogi, su ma wannan magana ta shafe su. Abin da bai gama tashi ba in aka toshe shi a roba zai kumbura ta, wanda ya gama kuma iska tana ratsa jikin robar a hankali ta tsamar da shi. Abin da ya fi damun mu shi ne giyar da ake tacewa, irin sodabi da ogogoro, domin fara ce tas kamar ruwa. Ita da kananzir da fetur, duk wanda aka zuba a gorar ruwa aka ajiye a ƙasa, tarko ne ga yaro mai rarrafe.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: daga ina gorar ta fito? Mai tsinto gora ba ya zaɓen wuri. Daga tasha yake ɗauka, daga kwata, daga juji, wani lokaci daga bayan gidan likita. Wata an yi fitsari a ciki, wata an tofa majina, wata an auna fetur da ita a bakin hanya, wata kuma manomi ya dama maganin feshi a ciki. Roba tana shan irin waɗannan magunguna a jikinta, kuma babu sabulun da ke fitar da su duka. Maƙwabtanmu na arewacin Benin sun ga illar wannan guba: a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 mutane da dama sun mutu sakamakon maganin ƙwari mai suna endosulfan, kafin daga baya ƙasar ta haramta shi. Saboda haka gora ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin gona, ko man inji, ko fetur, a huda ta a raba ta da gida, ko da kuwa ta fi sauran kyau. Wadda ba a san asalinta ba, a buɗe a shinshina, a ɗaga ta a rana a duba. In akwai wari, ko dusashewa, ko ƙarce a ciki, ko baƙi a zaren marfi, ba ta abinci ba ce. Mafi alheri mai sana'a ta sami gorunanta daga gida ko shagon da ta sani, ko ta riƙa karɓar nata daga hannun masu saye.

Wanki kuma ba ɗauraya ba ne. Roba hamsin a cikin baho ɗaya na ruwan kogi, dattin ɗaya ne ake raba wa sauran. A wanke kowace da sabulu ciki da waje, a goge baki da marfi, a jiƙa su a ruwan da aka sa wa sinadarin kulorin bisa ma'aunin da ma'aikacin lafiya zai nuna muku, sannan a kife su a wuri mai tsabta su tsane. Tafasasshen ruwa ba ya yi a nan. Yawancin gorunan ruwa da na lemu, masu lamba 1 a gindi, daga wajen digiri 70 suke fara laushi su lanƙwashe, kuma zafi yana ƙara sakin sinadaran robar cikin abin sha. Don haka kar a ɗura kunu da zafinsa, kar kuma a shanya cikakkun goruna a rana tun safe har la'asar.

Sau da yawa ma laifin ba na gorar ba ne. An tafasa zoɓo da kyau, sai a tsinka shi da ɗanyen ruwan rijiya, ko a jefa ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ko a hura leda da baki kafin a ƙulla. Duk ruwan da zai shiga abin sha ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa Aquatabs aka jira minti 30. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba, da ta 2021 wadda ta kama dubban mutane a ƙasar nan, har da jiharmu ta Doso. Ta ruwa da abinci da hannu take shiga. Garin ƙamshi da ɗan tsami da ake saye a buɗaɗɗen buhu ba suna ba kwanan wata, su ma a kiyaye su: a Kano, cikin Maris 2021, ɗaruruwan mutane aka kwantar a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemun da aka haɗa da gurɓataccen gari.

Sai maganar yara. Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba zoɓo, ba jiƙo, komai zafin gari. Bayan wata 6, kununsa a dama masa sabo, a ba shi da kofi da cokali, domin kofi ana ganin cikinsa a wanke, gora kuwa hannu ba ya shiga. Abin da ya rage ya wuce awa 2 a ajiye, kar a mayar masa. Zoɓo da lemu ba abinci ba ne, suna cika ɗan cikin yaro da ruwan sukari ya ƙi cin abin da zai gina shi. Idan yana zawo, abin sha mai zaƙi yana iya ƙara masa gudun cikin. Abin da ake ba shi ruwan gishiri da sukari ne na fakiti, a dama a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Abincin tamowa na leda da ake karɓa a gidan likita kuwa ba a dama shi a gora, daga ledar yaro zai ci, a ba shi ruwa mai tsabta a gefe.

Akwai wuri ɗaya da gorar roba da rana suke haɗuwa su yi amfani. Gora fara mai tsabta da ba ta wuce lita 2 ba, a cika ta da ruwan da ba shi da laka, a rufe, a kwantar a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana sosai, ko kwana 2 a jere in akwai hadari. Hasken rana yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke kawo zawo. Wannan na ruwa ne zalla, ba na kunu ko zoɓo ba, kuma ruwan kogi na damina sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna. Masu aikin sa-kai za su zaga da goruna biyu, mai kyau da wadda ta lalace, kowace ta riƙe ta duba kafin mu shiga tambayoyi.