Karatun Sinanci a Arewacin Kamaru

Harshen Sinanci ya samu gindin zama a Jami'ar Maroua, wadda aka kafa a 2008. Babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar tana yaye malaman Sinanci, kamar yadda take yaye na Larabci da Jamusanci, su kuma su bazu a makarantun sakandare.

Hulɗa da Sin ba baƙuwa ba ce a yankin. Kamaru ta ƙulla zumunci da Beijing a 1971, kuma Sinawa ne suka gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, kusa da Garoua, aka kammala ta a 1982. Likitocinsu sun yi shekaru masu yawa suna aiki a asibitin Guider.

Karatun da wuya. Gaɓa ɗaya tana canza ma'ana da karin sauti huɗu, ko da yake kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan. Rubutun ne tsauni, domin sai an haddace dubban alamomi kafin a iya karanta jarida.

Harshe kaɗai bai wadatar ba. Ɗalibin shari'a ko tattalin arziki da ya haɗa shi da tarihin Sin da al'adunta shi ne zai iya zama a teburin ciniki ba tare da tafinta ba. Ya kamata Jami'ar Garoua, da aka kafa a 2022, ta ba wannan fanni muhimmanci.