Wayar Faiba Da Tsohuwar Ma'ajiya



Yau maganar gudu za mu yi, gudun saƙo zuwa cikin kwamfuta.

Mu fara da wayar faiba. Zaren gilashi ne, siriri ƙwarai, haske ke ɗaukar saƙo a cikinsa. Irinta aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku har Legas. Layi ɗaya kan kai gigabit 10 a daƙiƙa guda.

To, ina saƙon zai sauka? Nan fa gizo ke saƙar. Tsohuwar kafar USB 2.0, wadda ake jona ma'ajiya da ita, tun shekarar 2000 take. Faibar nan ta ninka ta gudu sau 20, har da ɗoriya. Shi kuwa tsohon faifan ajiya mai juyawa, sai allurarsa ta lalubo wuri kafin ya rubuta. Tamkar juye tankar ruwa ne ta bakin buta. Saƙo ya iso, ma'ajiya na jan ƙafa.

A ganina, asara ce ka biya kuɗin gudun da na'urarka ba za ta iya karɓa ba. Mai shago, mai ofis, kafin ka ƙara kuɗin layi, duba ma'ajiyarka. Duba ta, in tsohuwa ce ka koma SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa.